Hazo a Kan Azurfa: Yadda Wani Gidan Tarihi Ya Yi Fama da Lalacewar Tsofaffin Hotunan Iyali

Gidan da abin da yake riƙe da shi

Gidan tarihin da wannan nazari ya shafa yana wani gari ne na jihar Niyok a Amurka, tafiyar sa'o'i daga birnin Niyok. An buɗe shi a 1949, kuma ba abin da yake tarawa sai hotuna da finafinai da kayan ɗaukarsu. Cikin dukiyar da yake taƙama da ita akwai faranti fiye da 1,200 da suka fito daga situdiyo guda na birnin Boston, na abokan sana'a biyu, Albert Southworth da Josiah Hawes. Hotuna ne irin na farko-farko da ake kira dagerotaif, waɗanda ba a kan takarda suke ba, a kan ƙarfe suke.

Manyan mutane sun zauna gaban kyamarar waɗannan biyu: ɗan siyasa Daniel Webster, babban alƙalin jihar Massachusetts Lemuel Shaw, marubuciya Harriet Beecher Stowe. Irinsu ne ke jawo 'yan kallo. Amma wanda ya bi kundin farantan ɗaya bayan ɗaya zai tarar mafi yawa mutanen gida ne: amare, uwa da goyonta, wa da ƙanwa, jarirai. A ƙarƙashin da yawansu abin da aka rubuta kawai shi ne ba a san ko su wane ne ba. Matsalar gidan ita ce ƙarfen da waɗannan fuskoki ke kai bai daina canjawa ba, kuma a 2005 ya canja a gaban idon jama'a.

1839 zuwa 1862: yadda aka yi hotunan

Ranar 19 ga Agusta, 1839, aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, bayan gwamnatin Faransa ta karɓe ta daga hannunsa ta yanka masa fansho. A farkon 1840 wani wakilinsa ya iso Boston yana koyar da ita. Southworth a lokacin mai sayar da magani ne, Hawes kuma mai zanen fuskokin mutane da fenti, kuma dukansu sun saurare shi. A 1843 suka haɗa jari a saman wani bene a layin Tremont Row, ƙarƙashin babbar taga da aka buɗe a rufi, domin rana ce kaɗai fitilarsu. Sana'ar ta zama ta gida: a 1849 Hawes ya auri Nancy, 'yar'uwar Southworth, wadda ita ma a situdiyon take aiki.

Farantin jan ƙarfe ne ake lulluɓe fuskarsa da azurfa. Za a yi ta gogarsa da gari mai laushi da fatar barewa har ya zama madubi, ba ko ƙwarzane ɗaya. Sai a kifa shi a kan akwatin da tururin aidin ke tashi, sannan na buromin, har fuskar ta soma jin haske. A sa a kyamara, a buɗe mata ido na 'yan daƙiƙoƙi, a rufe. A wannan lokaci ba a ganin komai a kai. Sai an kifa shi a kan zaiba mai ɗumi, tururinta ya bugi azurfar, sannan hoton yake fitowa. Duk inda haske ya taɓa, ƙananan ƙwayoyi na azurfa da zaiba ne ke tsirowa, su ne farin hoton. Inda bai taɓa ba, madubi ne zalla, shi ne baƙin. A wanke da sinadarin da ke kashe jin hasken, a zuba ruwan zinariya a ɗumama daga ƙasa don ƙwayoyin su kama. Wannan mataki na zinariya wani Bafaranshe ne, Hippolyte Fizeau, ya ƙaro shi a 1840.

Hoton da ya fito ta wannan hanya ba shi da na biyu. Babu fim ɗin da za a koma a sake wankewa, farantin da ya shiga kyamara shi ne hoton. Kuma ba a cikin ƙarfen yake ba, a bisansa yake zaune, ta yadda yatsa ɗaya ya isa ya share fuskar mutum. Shi ya sa ake ɗora masa zobe na tagulla, a rufe da gilashi, a liƙe gefuna da takarda, a sa cikin ɗan akwatin katako mai rufin fata da shimfiɗar karan-miski. Mai kallo kuma sai ya yi ta karkata shi yana neman kusurwa. A wata, fuskar kansa zai gani. A wata, hoton ya juye, fari ya koma baƙi. Sai madubin ya fuskanci wani abu mai duhu sannan mutumin ciki ya bayyana, har ana iya ƙirga gashin girarsa.

Southworth da Hawes sun yi suna ne da babban faranti, mai inci 6½ da 8½, a zamanin da yawancin masu hoto ke yin ƙananan da ke shiga aljihu, wasu ma a kan kuɗi santi 25 kacal.

Yara a gaban kyamara

A shekarun farko sai mutum ya yi mintuna bai motsa ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1840, sabon gilashin kyamara na Joseph Petzval da tururin buromin sun rage lokacin zuwa daƙiƙoƙi. Ga babba wannan ya wadatar, musamman da yake akwai wani ƙarfe mai baki biyu da ake tsayarwa a bayansa ya tallafe masa ƙeya. Ga ɗan shekara biyu, daƙiƙa biyar ma tafiya ce mai nisa. Masu hoto na zamanin kan sa a tallarsu cewa a kawo yara da tsakar rana, ranar da gari ya yi garau, lokacin da haske ya fi ƙarfi.

Ana ganin alamar wannan fama a jikin farantan. Fuskar yaro ta fito tsaf, amma hannunsa ya zama hayaƙi domin ya ɗaga shi a tsakiyar ɗauka. Ko kuma ga hannun babba ya kewayo ƙugunsa daga gefe, mai hannun ba ya cikin hoton. A shekarun da suka biyo baya dabarar ta ƙara nisa a situdiyoyi da yawa: uwa za ta zauna a lulluɓe ta da zane ko labule kamar kujera, a ɗora mata jaririn a cinya, sannan zoben tagulla ya yanke abin da ya rage nata. Masu tara hotuna a yau suna kiran irin waɗannan da hotunan ɓoyayyar uwa.

Bayan an gama, akan sa wa kumatu ɗan ja. Garin launi ne busasshe ake haɗawa da ƙaro, wanda a lokacin daga yankin kogin Senegal da Kordofan ake fitar da shi, a ɗora da ɗan buroshi, a hura masa numfashi don danshin ya liƙe shi. Nancy Hawes na cikin masu wannan aiki a situdiyon. A riƙe wannan, domin launin da numfashi ya liƙe ba ya jure wa ruwa.

Akwai kuma hotunan da mai karatu na ƙasarmu zai ji wani iri a kansu. Mutuwar ƙananan yara ta yi yawa a Amurka ta wancan ƙarni, kuma sau da yawa yaro kan rasu ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Sai iyaye su kira mai hoto kafin a binne. Southworth da Hawes sun sa a tallarsu cewa suna ba da himma ƙwarai wajen irin wannan hoto, har mamacin ya fito kamar mai barci. Ba al'adarmu ba ce, amma ba wuya a gane abin da uwar ke nema. Hawes ya ɗauki nasa 'ya'yan ma, musamman babbarsu Alice, kuma hotunansu na cikin 'yan kaɗan na yara da sunan mai su bai ɓace ba.

Dalilin ɓacewar sunayen sauran mai sauƙi ne. Akan ɗauki mutum fiye da sau ɗaya a zama guda. Iyali su zaɓi wanda suke so, a sa musu a akwati su tafi da shi, sunan ya bi su gida. Ragowar su zauna a situdiyo, tsirara, ba gilashi ba suna.

1862 zuwa farkon shekarun 1950: zaman akwati

Kafin ƙarshen shekarun 1850 kasuwar dagerotaif ta faɗi, domin an samu hanyoyi masu araha, a kan gilashi da baƙin ƙarfe da takarda. Abokan biyu suka raba jari a farkon shekarun 1860. Southworth ya rasu a 1894. Hawes ya ci gaba da aiki a Tremont Row har rasuwarsa a 1901 yana da shekara 93, kuma bai zubar da tsofaffin farantan ba. Suna jere a akwatunan katako masu tsagi, kowane a ramin sa, ba ya taɓa ɗan'uwansa.

'Ya'yansa uku, Alice da Marion da Edward, suka gaje su. A 1934 aka fara fitar da wasu kasuwa ta wani shagon sayar da zane-zane na Boston. A 1937 wani kaso ya tafi gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok, a 1943 wani ya shiga gidan kayan fasaha na Boston. Kaso mafi girma ya faɗa hannun wani attajirin Shikago mai tara hotuna, Alden Scott Boyer, kuma daga hannunsa ya iso gidan da muke magana a kai a farkon shekarun 1950. Ba duka ne suka bi wannan hanya ba. Wasu 240 sun ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a garin Marblehead, sai a 1999 aka yi gwanjonsu a Sotheby's a kan kimanin dala miliyan 3.3.

A tsawon wannan zama azurfar ba ta yi barci ba. Duk matar da ta taɓa ajiye awarwaron azurfa a adaka ta buɗe bayan shekaru ta san abin da take tararwa: ya yi baƙi, sai an bi shi da toka. Farar wuta ce da ke yawo a iska take haɗuwa da azurfar, kuma birnin da ke ƙona gawayin ƙasa da fitilar gas ba ya rasa ta. A kan dagerotaif dusashewar daga gefe take farawa ta nufo tsakiya, rawaya, sannan ja-ja, sannan shuɗi, daga ƙarshe baƙi. Waɗanda ke cikin akwati da gilashi ma ba su tsira ba, domin gilashin wancan zamani yana yin zufa daga ciki, ɗigon ya zauna a saman hoton. Akwai kuma abin da ba wanda ya lura da shi a lokacin: Boston gari ne na bakin teku, iskarsa akwai gishiri.

1956 zuwa shekarun 1980: wanki

Abin da aka fara gwadawa shi ne abin da kowa zai fara gwadawa, wato a wanke. Tun ƙarni na 19 masu hoto ke tsoma farantin da ya dusashe a ruwan sayanaid. Baƙin yana tafiya nan take. Amma sayanaid azurfa yake ci, bai san bambancin datti da hoto ba, kuma kowane wanki yana tafiya da wani abu na ƙwayoyin. Misalin da masu wannan aiki ba sa mantawa shi ne hoton Dorothy Draper, ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan fuskar mace da aka ɗauka a Amurka, wanda ɗan'uwanta ya ɗauka a 1840. A shekarun 1930 aka yi ƙoƙarin tsabtace shi, garin neman gira aka rasa ido, fuskar ta dushe.

A 1956 mujallar da gidan da muke magana a kai ke bugawa ta fitar da sabuwar hanya da ta fito daga ƙungiyar tarihi ta jihar Missouri: ruwan sinadarin tiyoyuriya da ɗan asid. Ba guba ce mai kisa irin sayanaid ba, tana da saurin aiki, kuma farantin kan fito yana walƙiya kamar jiya aka yi shi. Gidajen tarihi da dillalai da masu tarawa suka rungume ta, aka yi shekara kusan 20 ana tsoma faranti a cikinta a faɗin Amurka.

Illar ba ta nuna kanta da wuri ba. Bayan shekaru sai wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa suka fara fitowa a kan farantan da aka wanke, har masu aikin suka sa musu suna ƙyanda. Sinadarin ba ya fita duka komai ɗauraya, ragowarsa na manne da azurfar tana ci gaba da aiki. Wankin kuma yana barin fuskar ƙarfen a buɗe, sabuwar dusashewa ta fi saurin kama ta. Hotunan da aka yi wa launi, waɗanda na mata da yara suka yi yawa a cikinsu, ruwan kan tafi da jan kumatun. A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike, ciki har da wata jami'ar adana kaya ta gidan, suka duba farantan da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa suka yi gargaɗi, aka fara janye hannu.

A shekarun 1980 aka zo da wanki na lantarki: a tsoma farantin a ruwan ammoniya a bi da wutar lantarki marar ƙarfi ta ɗaga baƙin. Ya yi aiki a kan wasu, amma bai dace da farantin da ba a yi wa ruwan zinariya ba, bai dace da mai launi ba, kuma masana ba su taɓa haɗa baki a kansa ba. Abin da aka tsaya a kai a ƙarshe shi ne a daina taɓa fuskar, a canja tsohon gilashi da sabo, a liƙe gefuna da kyau, a ajiye a wuri mai sanyi marar danshi.

Da wannan aka shiga sabon ƙarni, tare da wani abu da kowa ya ɗauka tabbas ne: dagerotaif yana tsoron yatsa da gurɓatacciyar iska, amma ba ya tsoron haske. Hoton takarda ne ake yi wa awon haske, na ƙarfe kuwa an ce ƙarfe ne.

Yuni zuwa Satumba 2005: baje koli

Gidan ya haɗa hannu da wata cibiyar hotuna ta birnin Niyok suka shirya babban baje koli na ayyukan Southworth da Hawes, mai suna Young America. Faranti fiye da 150 aka zaɓo, na gidan da na aro daga wasu gidajen da masu tarawa. An yi shiri na tsanaki. An rage hasken zauren har ya yi duhu-duhu, kuma kafin a rataye farantan an rubuta yanayinsu an ɗauki hotonsu don a samu abin kwatantawa.

An buɗe a watan Yuni. Cikin makonnin farko aka fara ganin canji. Fararen ɗige-ɗige suka bazu a kan hoton wata mata mai doguwar riga. Wasu zobba masu launi suka kewaye hoton Henry Ingersoll Bowditch, likita mai yaƙi da bauta. Wasu farantan wani farin hazo ne ya hau su. Kafin a rufe a farkon Satumba, bayan wata biyu da rabi, faranti 25 sun canja, 5 daga ciki sun yi mummunar lalacewa.

Ba don bayanan da aka ɗauka tun farko ba, da an yi ta gardama ko tabon tsoho ne ko sabo. Da su a hannu babu gardama: abin da ya shekara 150 yana jira ya motsa cikin makonni goma. Baje kolin ya ƙarasa zagayensa a wasu wurare biyu zuwa 2006, kuma labarin ya girgiza masu wannan aiki. Wasu gidajen tarihi suka sauke dagerotaif ɗinsu daga bango suka mayar ma'ajiya, wasu suka jingine shirin nuna nasu. Matakin farko ke nan, mayar da su duhu. Ya tsayar da abin da haske ke tayarwa, amma bai faɗi dalili ba.

2006 zuwa 2012: bincike

Masana kimiyya na gidan Metropolitan suka fara da hazon kansa. Suka auna wuraren da ya hau suka tarar da kulorin, sinadarin da ke cikin gishiri. Inda ya haɗu da azurfa yakan zama wani gishirin azurfa wanda haske ke farfasawa, kuma irin wannan gishiri shi ne ma ake shafa wa takardar hoto don ta ji haske. Ashe wasu farantan sun koma masu jin haske a hankali ba wanda ya sani. Da fitilar zaure ta sauka a kansu, sai azurfar ta sake zama a wani sabon tsari, wanda ido ke gani a matsayin hazo. An gwada a kan farantan gwaji, aka sa musu kulorin aka haska su, hazon ya fito. Zato mafi ƙarfi game da tushen kulorin shi ne iskar tekun Boston da ta yi shekaru tana ratsa akwatunan katako, ko da yake kulorin na cikin sinadaran da masu hoton zamanin ke aiki da su. An buga sakamakon farko a 2008.

Wannan ya bayyana hazon, bai bayyana sauran ba. Jami'in adana kaya na gidan ya nemi wani masanin fiziks na jami'ar garin, suka samu tallafin dala 450,000 daga hukumar kimiyya ta ƙasa, suka shiga duba faranti da na'urorin da ke ganin abin da ya fi ƙwayar cuta ƙanƙanta. Suka ga abu biyu da ba a zata ba. Na farko, wasu zare-zare masu kama da fumfuna suna tsiro a kan fuskar, alhali an san azurfa da kashe ƙwayoyin cuta. Na biyu, da suka yanka ɗan tsagi suka leƙa ƙarƙashin fuskar, sai ga ƙananan ramuka a jere, inda zinariya da azurfa suka yi ta ratsa juna ba da sauri ɗaya ba suka bar gurbi. Wato fuskar da ake gani sumul fata ce siririya a kan rami, tana iya kumbura ko ɓarewa.

Hoton da ya fito daga binciken shi ne ba cuta ɗaya ba ce. Farar wuta na aikinta, kulorin da haske na nasu, danshi na ciyar da fumfuna, ragowar tsohon wanki na nan. Kowane faranti da tarihinsa, kuma biyu da aka ɗauka rana ɗaya suna iya bambanta. Amma kusan duk waɗannan hanyoyi suna bukatar abu guda kafin su ci gaba, wato iska mai oksijin da danshi.

2011 zuwa yau: canja iskar

Tun da ba a iya gyara fuskar ba tare da an cuce ta ba, sai aka koma kan abin da ke kewaye da ita. Gidan ya ƙera wani gida na ƙarfe da gilashi mai kyau wanda iska ba ta ratsawa, da ɗan bututu a gefe. A sa farantin, a rufe, a zuƙe iskar ciki, a cika da argon. Argon iska ce da ba ta haɗuwa da komai: ba ta sa ƙarfe tsatsa, ba ta ɗauke da danshi, fumfuna ba ta rayuwa a cikinta.

Babban gwajin da jama'a suka gani ba a kan hoton iyali aka yi shi ba. Ɗakin karatu na birnin Sinsinati yana da faranti 8 da Charles Fontayne da William Porter suka ɗauka a watan Satumba na 1848, waɗanda in an jera su suke nuna bakin kogin birnin na tsawon kusan mil 2. An kawo su wannan gida aka duba su, aka ɗauki hoton kowane lungu nasu ta na'urar ƙara girma, har aka karanta agogon wata hasumiya da bai kai ƙwayar gero ba a kan farantin: ƙarfe 1:55. Aka rufe su cikin argon, kuma a 2011 suka koma gaban jama'a a Sinsinati.

Ɗaukar hoton faranti dalla-dalla ya zama rabin aikin. Mai bincike yana iya zama gaban kwamfuta ya ƙara girman maɓallin rigar yaro ba tare da an buɗe ma'ajiya ba. A 2018 kuma wasu masu bincike a Kanada suka nuna cewa ko farantin da ya yi baƙi ƙirin bai mutu ba. Suka bi fuskarsa da siririn haske irin na hoton ƙashi, wajen awa 8 a kan faranti guda, suna neman inda zaiba take. Tun da zaiba ce ta zana farin hoton tun asali, taswirarta ita ce hoton. Fuskar wata mata da ta wani mutum suka fito a allon kwamfuta, ba a taɓa farantan da ko ɗigon ruwa ba.

Abin da ya yi aiki, da dalili

In aka jera matakan, wanki ne ya fi kowane ɓarna, kuma shi ne ya fi kowane kyan gani a ranar da aka yi shi. Dalilin faɗuwarsa ɗaya ne a duk nau'o'insa: dattin da hoton abu guda ne, azurfa, a wuri guda, kuma babu ruwan da zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya. Ban ga laifin mutanen 1956 sosai ba, domin sun gudu daga sayanaid ne kuma ba su da na'urar da za ta nuna musu ragowar da suke bari. Inda na ga sakaci shi ne saurin da aka yi wajen yaɗa hanyar kafin a jira a ga yadda farantin zai kasance bayan shekara 10.

Lamarin 2005 kuwa ba rashin kula ba ne, dogaro ne da abin da aka gada ba a gwada ba. Maganar cewa haske ba ya yi wa dagerotaif komai gaskiya ce ga faranti mai tsabta, ba gaskiya ba ce ga wanda kulorin ya taɓa, kuma ido ba ya bambanta su. Abin da ya fi amfani a duk shirin baje kolin shi ne aikin da ya fi gundura, wato rubuta yanayin kowane faranti kafin a rataye shi. Shi ya mayar da zargi ya zama hujja. Sauke dukan dagerotaif daga bango da wasu gidaje suka yi ya wuce gona da iri a ganina, ko da yake a lokacin da ba a san wanne ne mai ciwon ba, da wuya a zargi mai tsoro.

Argon ya yi aiki domin bai nemi ya gyara komai ba. Amma yana da iyaka. Ba ya mayar da abin da ya riga ya tafi, ba ya fitar da kulorin da ya riga ya shiga, don haka farantin da ya kamu har yanzu sai an yi masa awon haske. Liƙin yana bukatar a riƙa duba shi, kuma kowane faranti sai an ƙera masa nasa gidan.

A nan ne batun yaran yake damuna. Gidan da ke da faranti dubbai dole ya zaɓi wanda zai fara shiga argon, kuma mai suna ne ake aro, shi ake bugawa a littafi, shi masu ba da tallafi suka sani. Alhali in farantin Webster ya lalace, akwai zanensa na fenti da gumakansa da wasu hotunansa birjik. Yarinyar da aka rubuta ba a san ko wace ce ba, wadda mai yiwuwa farantin da iyayenta suka kai gida ya daɗe da salwanta, ba ta da wani wuri da fuskarta ta rage. In da ni ke tsara layin, da adadin sauran hotunan mutum zan fara dubawa kafin girman sunansa, kuma da masu launi a kumatu zan sa gaba, tun da su ne ba a iya yi wa ko wankin gaggawa in abin ya ɓaci.